Ta'aziyyar da Kawu Bawa Ya Kai Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na shiga makaranta malamai 'yan'uwana su tare ni, in na fita bakin kasuwar Tambuwal a tare ni: "Malam Ummaru, ƙaƙa ƙasar Faransa? Wai gaskiya na Bature yay yi ma kawunka goge?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya wani mutumin Jabo ya rantse mini cewa an naɗa Kawu sarkin makaɗan Nijar, ni da aka yi komai a kan idona. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Kawu Bawa yayan mahaifiyata ne, a Kebbe yake, sana'arsa goge. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa alfahari da wannan ba, don malamin makaranta ba ya son a nuna shi a ce kawunsa ne ke tara 'yan rawa a gidan buki. Shekara talatin da ɗoriya yana goge, kuma duk tsawon shekarun mutum ɗaya ke kaɗa masa ƙwarya, wato Tanko, abokinsa tun suna kiwon awaki. Kowa a ƙasarmu ya san ba a goge ba ƙwarya. Mai goge ya ja, mai ƙwarya ya amsa masa da 'yan sanduna, haka aka tarar. Farkon damina Tanko ya kwanta kwana uku ya rasu. Ana gama sadakar bakwai Kawu ya naɗe gogensa a tsumma ya rataye. Masu ƙwarya suka yi ta zuwa, har daga Dogon Daji, yana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, wai hannunsu ba na Tanko ba ne. Shi kaɗai kuma ba zai yi ba, don ba a yi. Sai ya zauna. Ya daina fita, tuwo yadda aka kai haka ake ɗaukowa, har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Inna ta kira ni ta ce, "Ummaru, in ba a yi wani abu ba, yayana bin Tanko za shi yi."

Ana cikin haka wasiƙa ta zo mini daga Sa'idu, wanda muka yi elementare tare kafin ya watsar da karatu ya tafi Yamai aikin kuku a gidan wani Bafaranshe. Ya ce maigidansa ya yi baƙo, makaɗi daga Faransa, mai wani gogen Turawa da ake kira biyola. Sa'idu, da ba a raba shi da cika baki, ya gaya wa baƙon cewa a Kebbe akwai wanda ya fi shi. Baƙon ya ce yana son ya gan shi. Ni ban ɗauki kiɗan Bature da wani muhimmanci ba, amma na yi tunanin ko ganin an aiko masa daga wata ƙasa zai sa Kawu ya sake ɗaukar goge. Da na kai masa maganar ya ƙi, Inna ta yi kuka, sannan ya ce, "Mu tai in gano ƙaryar Sa'idu. Amma goge kam ba ni taɓa shi." Ni na sauko da gogen daga inda yake rataye, ni kuma na yi ta dakonsa har Yamai.

Hutun makaranta ne. Daga Tambuwal muka hau wata motar albasa mai zuwa Jega. Direban ya ce mu manyan baƙi ne, ya ba mu wuri mafi daraja, wato saman buhunan. Na sa farar rigata ta zuwa taro don a san malami ne ke tafe. Kafin mu kai Jega rigar ta koma kalar ƙasa, warin albasa kuwa ya bi ni har cikin masallaci, mutanen da ke sahu ɗaya da ni suna ta ja da baya. Muka kwana gidan wani fatoma, mai saukar baƙi, mutum mai yawan surutu, wanda da ya ji inda za mu ya ce shi ma ya taɓa zuwa Yamai sau uku. Da na tambaye shi hanya sai ya kwatanta mini hanyar Yawuri.

Kwana biyu muka yi daga Jega zuwa Kamba, tafiyar da aka ce mana ta wuni ɗaya ce. Motar ta mutu sau biyu, a karo na biyun har da ni a masu turi.  Na saya wa Kawu fura a wani ƙauye, ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini.

A kan iyaka na ga abin da 'yancin kai ya yi mana, mu da su, shekara biyu da samu. An sauya tuta, amma sandar da ke gicce a hanya tana nan, kuma mai tsaronta ya fi da fushi. A ɓangaren Nijar wani jandarma Bazabarme ya tsayar da mu, da gajeren wando da hula kamar an kifa masa akushi. Na gyara riga na yi masa Turanci mai kyau, irin wanda nake yi wa sufeton makarantu. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, yi Hausa, ba mu da lokaci." Turancina na shekara goma sha biyu a nan ya ƙare, ban sake amfani da shi ba sai da muka dawo Kamba.

Sai idonsa ya kai kan abin da ke naɗe a tsumma. Ya ɗauka bindiga ce. Na kwance masa, ya ga ƙoƙo da fatar guza da tsirkiyar izgar doki, sai fuskarsa ta saki. Ya kira abokan aikinsa, ya ce ba mu wucewa sai tsoho ya ɗan ja musu. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe jandarma ne zai yi mini aikin. Kawu ya dube shi ya ce, "Ba ni da mai ƙwarya." Jandarman ya jawo kwanon abincinsa ya ce shi zai kaɗa. Kawu ya ce, "Ɗana, kulle ni in kana so." Ya nemi gindin bango ya zauna. Muka yi zaman sa'a uku a rana kafin jandarman ya gaji ya buga mana hatimi.

Wani abin da ba wanda ya gargaɗe ni: mutanen can a hannun dama suke tuƙi. Da motar da muka hau a Gaya, garin farko bayan iyaka, ta tashi na ga direba ya rungumi ɓarin da ba nasa ba, ga wata mota tafe, na yi salati da ƙarfi na riƙe wuyan wani Bazabarme da ke kusa da ni. Aka yi ta dariya har Doso. A Doso aka kawo mana burodinsu, dogo kamar taɓarya, da tauri har ya fasa mini dasashi. Suna tsoma shi cikin kofi suna lumshe ido wai daɗi. Ni dai na tuna masar Tambuwal na ji kamar in yi kuka.

Sa'idu ya tarye mu a tashar Yamai, ya yi ƙiba, yana jefa kalmar Faransanci a kowace magana ko da ba a bukata. Ya sauke mu a ɗakinsa na bayan gidan maigidansa, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ya ce mun zo a sa'a, gobe bayan la'asar baƙon zai yi kiɗa a wani zauren taro na Faransawa, an kuma ajiye mana kujeru a gaba.

Yanzu ku saurara, ku masu tambaya, ga kiɗan da kuke ta ɗoki a kai. Zaure ne babba, an jera kujeru kamar aji. Turawa da 'yan bokon Nijar masu ɗamarar wuya suka zauna tsit, ba mai gaisa wani da ƙarfi, ba mai talla, ba ko mace ɗaya mai shirin guɗa. Can sai ga Baturen ya fito, dogo siriri, da baƙaƙen kaya. Shi kaɗai. Na leƙa bayansa ina jiran masu kalangu ko 'yan amshi, ban ga kowa ba. Ya kafa wani ƙarfe ya ɗora takardu, ashe kiɗan ma karanta shi zai yi kamar wasiƙa. Biyolar kuwa katako ce ja mai sheƙi, da ƙugu a tsakiya, ta fi goge tsawo. Maimakon ya ɗora ta a cinya kamar mai hankali, sai ya maƙale ta a ƙarƙashin haɓa, kansa a karkace kamar mai ciwon haƙori.

Ya ja bakan gogawa a kan tsirkiya. Wallahi na ɗauka gyaran tsirkiya yake yi, na jira ya fara kiɗan. Sai da aka ɗauki lokaci na gane ai kiɗan ke nan. Ba amon da za ka bi da ƙafa, ba waƙa, ba kirarin kowa. Ya ja wata murya mai kauri ya daɗe a kanta, ya tsaya cak. Shiru. Ya tsinki tsirkiya da yatsa sau biyu, ya sake tsayawa. Ya juya bakan ya ƙwanƙwasa da itacen. Sannan ya haura sama ya fitar da wani ƙara irin na ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, ya kuma yin shiru. Duk lokacin da ya tsaya sai in ɗaga hannu zan tafa don a tashi, Sa'idu ya danne mini hannu. Wani tsohon Bature a gefenmu ya rufe ido yana kaɗa kai. Na ce a raina wannan ko dai barci yake yi ko kurma ne. Daga baya Sa'idu ya ce mini wai sabon salo ne, ko a Faransa ba kowa ke gane shi ba. Na ce ai ba sai ya faɗa ba.

Na juya in yi wa Kawu raɗa mu yi dariya tare, sai na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Ya sunkuyo gaba, bakinsa a buɗe. Duk inda Baturen ya yi shiru, yatsun Kawu na bugun gwiwarsa a hankali, suna cike wurin. Hawaye na bin gemunsa bai ko share ba.

Aka gama, aka tafa kamar an ga abin kirki. Kafin in ankara Kawu ya miƙe, mutumin da sai an kama shi yake hawa mota, ya nufi Baturen. Ya tuɓe takalmansa a gaban mutane, ya durƙusa, ya ce wa Sa'idu, "Hwaɗa mai, ya haƙuri." Sa'idu ya tsaya sororo. Kawu ya ci gaba, "Ce mai Allah shi jiƙan mai ƙwaryatai. Ce mai ni ma nawa ya rasu, farkon damana. Na ji wuraren da yab bar mashi, ban rasa ko guda ba." Ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ni da Sa'idu, da wani masinja Bahaushe da ke tattara kujeru, ba yadda muka iya, muka ɗaga hannu muka shafa. Matan Turawa suka kewaye mu suna kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage.

Sa'idu ya yi ta fama da Faransancinsa na kicin har Baturen ya gane. Ya yi ja har kunnuwa. Ya durƙusa shi ma, da ƙyar, don ƙafafun ba su saba ba, ya yi magana mai tsawo. Sa'idu ya juyo ya ce, "Kawu, ya ce ba wanda yam mutu. Bai taɓa yin mai ƙwarya ba. Wanda yat tsara kiɗin shina nan da rai, kuma haka yat tsara shi, na mutum guda."

Kawu ya ce, "Da gangan?"

"Da gangan."

"To wuraren ga da shika bari, na wa na?"

Aka tambaya. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce ba na kowa ba ne, shirun ma cikin kiɗan yake. Na ce to, ga amsar marasa aikin yi. Kawu ya sa takalmansa ya fita bai yi sallama ba. A hanya ya ce mini, "Mutum shi share wuri shi shimfiɗa tabarma, kuma ba shi jiran kowa? Wanga wace irin al'umma ta?" Na ji daɗi ƙwarai, na ce gobe sai mu kama hanyar gida.

Da safe na farka ban gan shi ba. Na same shi a barandar gidan, zaune a ƙasa gaban Baturen, Sa'idu na tsaye da ludayi a hannu yana tafinta. Kwana huɗu aka yi haka, abincin maigidan Sa'idu yana ƙonewa. Baturen ya miƙa masa biyolar, ya nuna masa yadda ake maƙale ta. Kawu ya gwada, ya ce wuyansa ba na raƙumi ba ne, ya sauke ta kan cinya kamar goge. Ya shinshina ƙaron da Baturen ke goga wa baka, ya ce namu ya fi kamawa. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya ɗaya ya ce, "Fuɗu! Mu guda muka da, kuma ta ishe mu faɗin abin da muka so." Uku daga ciki ya ce surutu ne kawai. Amma ta huɗun, mai kaurin murya, ya ja ta ya sake ja, ya ce wannan dattijuwa ce, ta ga duniya. Ya sa Baturen ya maimaita masa kiɗan nan na ranar taro har ban san iyaka ba, yana tsayar da shi yana tambaya: a nan, in ka yi shiru, me kake yi da baka? Kana ƙirga ne ko kana saurare? Hannunka ba ya rawa? Ni ina gefe ina korar ƙuda, ina lissafin kwanakin hutuna da ke ƙarewa a kan ƙarar ƙyaure.

Baturen ya roƙi a nuna masa goge. Na kawo da sauri. Ya karɓa da hannu biyu, ya ja, ya fitar da kukan akuyar da ta maƙale a danga. Na tabbata Kawu ba zai jure ba, zai fizge ya nuna masa yadda ake yi. Ya dai gyara masa yatsu, ya ce, "Sassauta, ba faɗa kaka yi da shi ba." Baturen ya miƙa masa, ya roƙe shi har da dafa ƙirji. Kawu ya sa hannuwansa a baya ya ce a naɗe.

Haka muka baro Yamai. Na yi fushi da kowa: da Sa'idu mai cika baki, da Baturen da kiɗansa mai ramuka, da Kawu, da kaina da na yi dakon goge ƙasa biyu a banza. A iyaka jandarman nan ya gane mu ya ce, "Tsoho mai taurin kai, an yi kiɗan?"  Na kai Kawu Kebbe, na rataye gogen inda na ɗauko shi, na ce wa Inna na yi iyakar ƙoƙarina, sai addu'a. Na koma Tambuwal da nauyin zuciya, don na riga na sallama shi.

Bayan mako uku na je Kebbe ran kasuwa in duba su. Tun daga bakin gari, da hantsi, na ga mutane na nufar unguwarsu Kawu maimakon kasuwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Na tari wata tsohuwa na tambaye ta, ta ce, "Kawunka na, Faransawa sun taɓa mai kai. Goge shika yi shi ɗai awa mahaukaci."

Na kutsa cikin taron. Yana zaune a ƙofar gidansa kan buzu, rigar ta yi masa yawa, gogen a cinyarsa. Ba kiɗan Bature yake yi ba, alhamdu lillahi. Tsofaffin kiɗansa ne, waɗanda kowa a wurin ya yi rawa da su ranar aurensa. Sai dai in ya kai inda ƙwarya ke amsawa, sai ya ɗaga baka ya jira, daidai tsawon amsar, sannan ya ɗora. Da fari mutane na dariya suna taɓa juna. Can dariyar ta ragu. Kowa a wurin ya san abin da Tanko ke bugawa a kowane gurbi, ni ma da nake cewa ban damu da goge ba ashe na haddace. Ina tsaye na ji ƙwaryar a cikin kaina, bugu bayan bugu, har da ɗan jinkirin nan da yake yi kafin na ƙarshe. Matar Tanko na tsaye bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Har yanzu ina nan a kan bakana, abin da na ji a Yamai ba kiɗa ba ne, kuma ko kyauta aka ce in koma ba ni zuwa. Amma ranar a Kebbe na yi kuka a gaban mutane, ni malamin makaranta, ban kuma ji kunya ba.

Ɗan Ige, wani magidanci mai kaɗa ƙwarya wanda Kawu ya taɓa sallama, tausayi ya kama shi. Ya ruga gida ya ɗauko ƙwaryarsa da sanduna, ya zo ya kife ta a hannun hagun Kawu, ya tanƙwashe ƙafa zai zauna. Kawu ya tsai da baka. Bai ɗaga murya ba, bai ko dube shi ba.

Ya ce, "Ɗan Ige, Allah shi yi ma albarka. Matsa can. Wurin ga da mai shi."

Ɗan Ige ya ɗauke ƙwaryarsa ya koma cikin mutane, Kawu ya ɗora daga inda ya tsaya.